Google Classroom, Moodle, Mahara ko WhatsApp: A Ina Malami Zai Tara Jingar Ɗalibansa?

A ofishinmu akwai wata kabad ta ƙarfe da ta daina rufuwa. Jingar ɗalibai ce ta cika ta, ta shekara da shekaru, an ɗaure kashi-kashi da igiyar leda, ƙurar hunturu ta mayar da farar takarda ruwan ƙasa. Wata rana cikin bazara wuta ta ɗauke, na zaro guda ɗaya in yi fifita, sai idona ya faɗa kan jan birona a gefen shafi na biyu: "Ina hujjarki? Sake duba wannan sakin layi." Wadda na rubuta wa tuni ta gama, har ta yi bautar ƙasa. Ba ta taɓa ganin tambayar ba. Maki goma sha ɗaya kawai ta gani a allon sanarwa, ta wuce abinta.

Malamin makarantar allo ya fi mu dabara a nan. Almajiri zai kawo allonsa, malam ya duba, ya gyara wasalin da aka karkace a gaban mai rubutun, yaro ya koma ya biya har ya zauna, sannan a ba shi izinin wankewa. Gyara na isa ga mai shi tun tawada ba ta gama bushewa ba. Mu kuwa mun iya ajiya, gyaran ne ba ya isa. Abin da ake kira kundin ayyuka na intanet ƙoƙari ne na haɗa biyun: wuri guda inda ɗalibi zai tara aikinsa tun daga daftarin farko, malami ya yi tsokaci a jikin aikin, ɗalibi ya gyara ya dawo da shi, kuma duk matakan su tsaya a gani har ƙarshen zango, ko ma bayan an gama karatu.

Manhajojin da ke iƙirarin yin wannan suna da yawa. Ni da tambaya uku nake auna su. Gyarana zai isa ga ɗalibi yana da sauran damar sake aikin? Abin zai buɗe a ƙaramar wayar da ɗalibina ke riƙe da ita, wadda gilashinta ya tsage kuma kullum tana kukan ta cika? In ya gama karatu, da me zai fita a hannunsa?

Bari in fara da wanda kowa ke amfani da shi ko an yarda ko ba a yarda ba. WhatsApp ba ya bukatar a koya wa kowa. Zaure ɗaya na ɗaukar mutum 1,024, kuma saƙon murya ya fi kowace hanya saurin isar da gyara: abin da zan ɓata minti biyar ina rubutawa, cikin daƙiƙa arba'in na faɗe shi, ɗalibi kuma ya ji daga muryata cewa ba faɗa nake ba. Na taɓa karɓar jinga ta nan zango guda cur, kuma ba zan sake ba. Aiki na zuwa tsakanin gaisuwar Juma'a da sanarwar ɗaurin aure da tallar atamfa. Fayil talatin duk sunansu ɗaya. Mai ɗaukar hoton rubutun hannu ya turo shi a matse, harafi ya dagule. Sai kuma babban aibin: komai yana zaune ne a cikin wayar. Tawa ta faɗi daga aljihu a kan kabu-kabu, ban kunna ajiyar kariya ba, aikin mako shida ya bi ruwa. Akwai wani abin kuma da malamai maza ba mu cika lura da shi ba. Duk wanda ke cikin zaure yana ganin lambar kowa, kuma ɗalibai mata sun sha kawo ƙarar kiran dare daga waɗanda ba su ba lamba ba. Telegram ya fi shi ta fuskar ajiya, tunda fayilolin suna zaune a can ba a wayar ba, ana iya ɓoye lamba, wanda ya shigo daga baya ma yana iya ganin abin da ya wuce. Amma shi ma hira ce mai gangarowa, ba kundi ba. Su biyun wurin sanarwa ne da tunatarwa, nan ya kamata a tsayar da su.

Kayan Google su ne na fi daɗewa a kai, don haka zan ɗan zauna a nan. Abu uku ne mutane ke haɗawa su kira da suna ɗaya. Akwai Google Drive, rumbun ajiya, wanda ke ba kowane mai Gmail gigabait 15 kyauta, amma a sani da wasiƙu da hotuna duk daga cikin wannan kason suke ci. Akwai Google Docs, inda ake rubutun. Sai Google Classroom, wanda ya fito a 2014, shi ne ke raba jinga da karɓa da saka maki.

Ƙarfin gidan duk yana cikin Docs. Ina iya zaɓar jimla ɗaya tak in maƙala mata tambaya, ɗalibi ya ba ni amsa a ƙarƙashin tambayar, mu yi ta kai-komo har jimlar ta miƙe. Ina iya ba da shawarar gyara ba tare da na goge nasa ba, shi zai karɓa ko ya ƙi. Sannan akwai tarihin sauye-sauye, wanda ke nuna yadda rubutun ya girma, rana da lokaci. Tun da manhajojin ƙirƙirarriyar basira suka shigo hannun ɗalibai, wannan tarihi ya zame mini abin dubawa: rubutun da aka yi kwana biyar ana ginawa daban yake da shafi shida da suka faɗo lokaci guda da ƙarfe biyun dare. Sai dai a yi hattara. Na taɓa tsare wani yaro da wannan zargi, ya ce da ni, "Allah shi gafarta Malam, ga takarda na rubuta shi, mai shagon kwamfuta ya buga min, ni kau ni ɗora." Ya zaro takardun daga jaka, duk gogewa da kibiyoyi. Kunya ta kama ni. Tarihin yana ba ka dalilin yin tambaya ne kawai, ba ya yanke hukunci.

Classroom kuma yana rage wahalar gudanarwa. Ka tsara takardar jinga sau ɗaya, ka ce a yi wa kowane ɗalibi kwafinsa, kowa ya samu nasa da sunansa a kai. Idan ya miƙa, ba ya iya taɓa aikin sai ka mayar masa ko ya janye miƙawar. Akwai ma'aunin maki da za ka shimfiɗa tun farko, kowa ya san hujja maki nawa ce, tsari maki nawa ne. Akwai kuma wurin adana tsokacin da kake yawan maimaitawa, nawa na farko shi ne "wannan ra'ayinka ne ko na marubucin?", na gaji da rubuta shi.

Ga inda gizo ke saƙa. Idan da Gmail ɗinka na kanka ka buɗe aji, mutum 250 ne iyaka, kuma tun wurin buɗewa Google zai sa ka amince cewa ba a makaranta da ɗalibai za ka yi amfani da shi ba. Abin da suke so makaranta ta yi rajistar asusunta na ilimi ta raba wa malamai da ɗalibai. Saboda haka kafin komai, ka leƙa sashen kwamfuta na makarantarku ka tambaya ko akwai wannan asusu. Na biyu, Classroom yana jera aiki ne jinga-jinga, ba ɗalibi-ɗalibi ba, ga shi kuma in asusun makaranta ne, ran da aka rufe shi bayan kammala karatu, aikin ya tafi sai in an kwashe tun da wuri. Abin da nake yi shi ne kowane ɗalibi ya buɗe jaka guda a Drive ɗinsa na kansa, ya sa mata lambar rajistarsa, ya ba ni izinin tsokaci. Jakar tasa ce. Mai himma yana iya ɗaukar ayyuka uku ko huɗu da ya fi alfahari da su ya jera a Google Sites, ya samu shafin da zai nuna wa mai ɗaukar aiki. Manhajar Docs ta waya tana bari a ajiye takarda a yi rubutu ba intanet, in sabis ya dawo ta haɗe. Ga masu rubutu da Hausa, allon rubutu na Gboard yana da ƙ da ɗ da ɓ, don haka uzurin rubuta "kasa" a wurin "ƙasa" ya ƙare.

Moodle wani gida ne daban. Wani ɗan Ostireliya, Martin Dougiamas, ya fitar da shi a 2002, kuma manhaja ce ta kyauta wadda kowa zai iya ɗauka ya girka. In ana maganar abin da zai iya yi, ya fi Classroom nesa ba kusa ba. Yana ɗaukar aji komai girmansa, a raba shi rukuni-rukuni. Malami na iya yin zane da rubutu a kan takardar PDF kamar da jan biro. Yana iya ɓoye sunayen ɗalibai lokacin duba aiki, wanda a garin da kowa ɗan wani ne, kuma ana iya sallama da kai har gida bayan Magariba a kan makin ɗa, ba ƙaramar garkuwa ba ce. Akwai tsarin da ɗalibai ke duba aikin junansu bisa ma'aunin da malami ya gindaya, shi kuma ya sa ido a kan masu dubawar. Manhajarsa ta waya tana sauke darasi a karanta ba intanet. Bayanan ɗalibai kuma suna hannun makaranta, ba na wani kamfani ba.

Amma kyautar Moodle irin kyautar doki ce, ciyarwar na kanka. Yana bukatar na'urar saba, wato kwamfutar da manhajar ke zaune a kai, da ke kunne dare da rana, ko kuɗin hayar ta a wani wuri, da ma'aikacin da zai riƙa sabunta shi, ya yi ajiyar kariya, ya buɗe wa wanda ya manta kalmar sirri. Bayan kullen korona na 2020 makarantu da dama sun girka shi da ɗoki. A wata makarantar da na koyar na wucin gadi, shafin ya mutu daren da wa'adin jinga ke cika, wanda ke kula da shi kuma ya tafi ƙauye biki, wayarsa ba ta shiga. Washegari ɗalibai suka cika ƙofar ofis da takardu a hannu. Daga ranar ba wanda ya ƙara yarda da shi, har ni. Shawarata a nan gajera ce: in makarantarku tana da Moodle da ya shekara yana aiki kuma ka san sunan wanda za ka kira in ya tsaya, kada ka nemi wani. In ba haka ba, malami ɗaya ba ya ɗaukar wannan kaya. A kuma tuna shi ma kwas-kwas yake tafiya. In zango ya ƙare aka rufe kwas, ɗalibi ba ya fita da komai sai abin da ya sauke.

Wannan giɓin ne Mahara ya zo cikewa. A ƙasar Niyu Zilan aka fara shi a 2006, sunan kuma daga harshen Mawori ne, yana nufin tunani. Cikin duk waɗanda na ambata zuwa yanzu, shi kaɗai aka gina tun asali don kundi. Ɗalibi ne mai gida: shi ke shirya shafukansa, ya saka rubutu da hoto da murya, ya riƙa rubuta abin da ya koya mako-mako, kuma shi ke zaɓar wanda zai gani, malami ne ko 'yan aji ko wani na waje da zai tura wa adireshin sirri. Ana haɗa shi da Moodle, a miƙa shafi a matsayin jinga. In an gama, yana iya kwashe kundin gaba ɗaya ya tafi da shi.

Inda nake ganin ya dace shi ne karatun da ake auna ƙwarewa a aikace cikin dogon lokaci. Ɗauki ɗalibin Kwalejin Ilimi ta Shehu Shagari da aka tura koyarwar gwaji wata firamare a Wurno ko Bodinga, ko ɗalibar aikin jinya, ko ɗan Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Umaru Ali Shinkafi da ke zaman koyon aiki na SIWES. Malamin da ke duba su ba zai iya zuwa kullum ba, littafin rahoton kuwa kowa ya san wasu a daren ƙarshe suke cike shi da biro kala biyu don ya yi kama da na watanni. Da a ce tsarin darasin kowane mako da hoton allo da gajeren bayanin abin da ya gagara suna hawa kundi da kwanan watansu, da malami ya tsoma baki tun a mako na uku. To amma duk nauyin da ke kan Moodle yana kan Mahara, har da ƙari: sai an zaunar da ɗalibai an koya musu, kuma shirya shafi a ƙaramar waya aiki ne mai cin rai. Shawara ce ta tsangaya ko sashe, da kasafinta. Mafi yawan amfaninsa kuma ana iya samun kusa da shi da jakar Drive da takardar Docs guda da ɗalibi zai riƙa ƙara wa rubutu duk Alhamis.

Padlet bango ne da kowa ke manna abu. Yana da daɗi ga aikin da ido ke gani, kamar a tura ɗalibai unguwar majema da dukawa su ɗauko matakan jima har fatar jar akuya ta zama jaka, kowa ya manna nasa a tattauna. Na kyauta bango uku yake bayarwa, kuma in ba ka saita shi ba kowa na ganin na kowa, mai jiran a yi ya kwafa ya samu. Seesaw na yaran firamare ne, da iyaye a ciki. Ga makarantar kuɗi da iyayenta ke da manyan wayoyi yana da kyau, ga ɗalibin jami'a ya yi ƙanƙanta.

Duk wanda za a ɗauka, a tuna da Edmodo, wani dandalin koyarwa na intanet. Malamai a ƙasashe da yawa sun tara darussa da ayyukan ɗalibai a cikinsa, a Satumbar 2022 kamfanin ya rufe shi. Abin da ba ka biya ba, ba ka da bakin cewa kada a rufe. Shi ya sa tambayar "yaya ake kwashe kaya a fita?" ta kamata a yi ta tun ranar shiga.

Sai maganar data, wadda ita ce ke yanke hukunci a zahiri. A Janairun 2025 hukumar sadarwa ta NCC ta amince wa kamfanonin waya ƙarin kashi 50 cikin ɗari a kuɗin kira da data, ɗalibai kuma sun ji a jikinsu. Manhaja ba ita ce ta fi cin data ba, irin jingar da malami ya bayar ce. Rubutu zalla ɗan mitsitsi ne, hoto ɗaya ya ninka shi sau da yawa, bidiyon minti uku kuwa na iya lashe abin da ɗalibi ya saya na kwana biyu. Wata ɗaliba ta taɓa ce mini, "Malam, wanga bidiyo da kac ce mu yi, kuɗin abincina na yini biyu ya ci." Tun daga nan in murya za ta wadatar ba na neman bidiyo, in hoto ɗaya ya isa ba na cewa biyar. Ba na kuma sa wa'adi ya cika da tsakar dare. Ina ba da kwana biyu a buɗe, saboda wanda ke zaune a Dundaye kusa da Jami'ar Usmanu Danfodiyo da wanda ya koma gida wajen Illela ba sabis ɗaya suke samu ba, wani ma sai ya kai wayar shagon caji ya jira. Hotunan yaran makaranta kuma a kiyaye. Najeriya na da dokar kare bayanan jama'a tun 2023, ko ba doka ma bai dace fuskar 'yar mutane ta hau shafin da kowa ke gani ba tare da sanin iyayenta ba. A ɗauki allo da littafi, a bar fuska.

Akwai lissafin da masu tallar waɗannan manhajoji ba sa yi maka. Ɗalibi 200, kowanne minti biyar, minti 1,000 ke nan, kusan awa 17 a kan jinga ɗaya, kuma in ka ce a gyara a dawo da ita ka ninka. Babu manhajar da ke rage wannan. Abin da ya rage mini shi ne sauya fasalin jingar kanta. Da ina ba da guda uku mabambanta a zango, kowace a duba sau ɗaya a jefa kabad. Yanzu guda ɗaya ce mai hawa uku. Hawan farko shafi ɗaya ne, tambayar bincike da majiya uku, ina duba shi cikin minti ɗaya ko biyu, kuma nan ne gyara ya fi amfani tunda icen yana ɗanye. Hawa na biyu daftari ne, 'yan rukuni su fara duba wa juna da ma'aunin da na ba su, ni kuma in ɗauki kurakuran da suka fi yawa in yi saƙon murya guda ga aji duka. A hawa na uku kowa zai haɗa da sakin layi ɗaya: me aka ce ka gyara, me ka gyara, me ka ƙi gyarawa kuma don me. Wannan sakin layin nake fara karantawa, kuma yana da makinsa, domin na lura gyaran da ba maki a bayansa ba a ko buɗe shi.

Idan kai kaɗai ne, ba goyon bayan makaranta, ka ɗauki Drive da Docs, ka bar WhatsApp ga sanarwa. Idan makaranta na da asusun Google na ilimi, ɗora Classroom a kai, amma jakar ɗalibi ta kasance a asusunsa na kansa. Idan akwai Moodle mai rai da mai kula da shi, musamman ga manyan azuzuwan shekarar farko, shi ya fi. Mahara kuwa a kai maganarsa taron sashe, a fara da 'yan koyarwar gwaji ko 'yan jinya na shekara guda a gani.

Har yanzu akwai mutum shida ko bakwai a ajina da ba su da babbar waya, ko kuma wayar ta maigida ce sai dare take dawowa. Su suna kawo nasu a takarda. Wakilin aji yana ɗaukar hoton shafukan a ofishina ya zuba a jakar da muka buɗe musu, ni kuma in yi musu jan biro a takardar in mayar a lacca ta gaba. Ranar Litinin ɗaya daga cikinsu, wata matar aure daga Mabera, ta dawo da tata ta ajiye a tebur, ta nuna inda na ja layi. "Malam, nan da kac ce babu hujja, akwai ta. Tana shafi na ukku, ba ka kai ba." Na buɗe shafi na uku. Tana nan.